Maganin Sikila Ya Samu, Saura Raƙumin Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya fito daga Damagaram, Maraɗi ko Kano ya zauna a nan Tamanrasset ya san gidan da amosanin jini, wato sikila, ya hana barci, balle in sanyin Ahaggar ya sauko. A Nijeriya kaɗai ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara.

To, a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy, mai gyara ƙwayar gado ta majinyaci. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum guda. Sai an kwashe ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su a ɗakin bincike, a ƙona ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar. Ina talaka ina wannan?

Mu da ke bakin hanyar In Gezzam mun sani, kaya ba ya kai kansa kasuwa. Abin da masana ke nema shi ne raƙumin da zai kai gyaran cikin jiki ta allura. Da fari ƙwayar cutar bairas suka horar ta yi dakon, amma a 1999 wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu a gwaji a Filadelfiya, jikinsa ya yi wa bairas ɗin bore.

Tun 1995 Jean-Paul Behr da abokan aikinsa a Strasbourg ta Faransa suka nuna wata hanya. Akwai folima, doguwar sarƙar sinadari mai suna PEI, da ke jan zaren gado kamar mayen ƙarfe, ta dunƙule shi ya zama ƙullin da ido ba ya gani. Tana da arha ƙwarai. Illarta, in ta yi yawa tana kashe ƙwayoyin jiki, kuma ba ta san gidan da aka aike ta ba. Shi ya sa ake ɗaura mata feftayid, ɗan guntun furotin, ya zama madugu: wani ya gane ƙofa, wani ya buɗe ta.

Kada mu yi saurin guɗa. Yawancin wannan haɗi a ɓeraye ake gwada shi. Ɗan dakon da ya isa jikin miliyoyin mutane ƙullin maiƙo ne, na allurar korona ta 2020.