Yadda dogon suna ke salwantar da fayilolin bincike, da hanyar magance matsalar

Ɗalibi ya shafe wata shida yana naɗar hirarraki, ya dunƙule su a fayil ɗin ZIP guda, ya tura wa malaminsa. Malam ya zo warwarewa, sai Windows ta ce adireshin fayil ya yi tsawo, ta nuna lambar kuskure 0x80010135. Idan ya danna maɓallin tsallakewa, aiki zai ƙare kamar lafiya lau, alhali an bar wasu hirarrakin a baya. Galibi ba a ankara sai ranar nazari, lokacin da lissafi ya ƙi cika.

Iyaka biyu ce ke haddasa wannan. Ta farko ta sunan fayil ce shi kaɗai, wanda ba ya wuce harafi 255 a Windows. Ta biyu, wadda ta fi cizo, ita ce ta cikakken adireshi: tun daga C:\ har sunan kowace folda da na fayil ɗin, tsohuwar ƙa'idar Windows ta tsaya ne a 260. Linux kuwa tana ɗaukar adireshi har bayit 4,096, shi ya sa wanda ya haɗa kundin a can ba ya ganin wata matsala. Ƙari a kan haka, wajen warwarewa Windows kan buɗe sabuwar folda mai sunan ZIP ɗin, adireshi ya ƙara tsawo.

Masu rubutu da Hausa suna da nasu tarkon. Tsarin ext4 na Linux bayit 255 yake ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin UTF-8 kuma ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, haka ma haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su. Ke nan sunan ajami da ya zarce harafi 127 zai zauna daram a Windows, amma sabar Linux ta ƙi karɓarsa.

Ga wanda aka turo wa kundin, mafi sauƙi shi ne ya buɗe folda mai gajeren suna kamar C:\b, ya warware a can. In abin ya faskara, manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana iya warware dogayen adireshi. Tun sigar 1607 ta Windows 10 da ta fito a 2016 akwai saitin LongPathsEnabled mai ɗage iyakar 260, sai dai yana buƙatar izinin mai kula da kwamfutar, kuma manhajojin da aka gina dominsa kaɗai ke cin moriyarsa.

Amma rigakafi a hannun mai turawa yake. A rage foldar da ke cikin folda zuwa hawa uku ko huɗu. A sa suna gajere kamar hira_012_2024-03-15.wav, a kai sunan gari da batun hirar cikin jadawali daban. A guji alamomin : ? * " da Windows ba ta yarda da su ba. Idan an sauya sunaye, a adana jerin tsofaffi da sababbi, don kada lambobin nazari da ke kiran tsohon suna su tsaya.

Daga ƙarshe, a haɗa kundin da takardar da ta faɗi adadin fayilolin da lambar SHA-256 ta kowanne. Da ita malam zai gane cewa hira ta 47 ba ta iso ba tun ranar da ya warware kundin.