Ƴan lise na Adar suna warware wa juna ilimin halittu da Hausa

A kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama, hatsi ya fara shiga rumbu, yaran da suka ci jarrabawar birbe a Kalfu da Barmu da Afala da sauran garuruwan arewacin Adar su kan ɗaure kayansu, da yawansu su nufi birnin Tawa domin shiga lise. Kalfu tana nan gabas da birnin, tafiyar ba ta da nisa. Wasu su kan sami gurbi a Lise Agabba, wadda aka sa wa sunan ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar da yaƙi a ƙarni na 17, wanda zuriyarsa ke sarauta a Illela. Su kan sauka gidan kawu ko gwaggo, ko gidan wani abokin ubansu, su yi shekara 3 suna karatu kafin su fuskanci babbar jarrabawar da ake kira bak.

Wanda ya zaɓi fannin D, watau hanyar da ke kai yaro ga aikin likita ko na malamin gona ko na likitan dabbobi, ba shi da makawa sai ya ƙware a ilimin halittu masu rai, wanda a takardun makaranta ake taƙaita sunansa SVT. Darasi ne mai nauyi, kuma rabin nauyinsa yana cikin kalmomi. Awa ɗaya ta kan zo da baƙin sunaye masu yawa, waɗanda asalinsu Girkanci ne ko Latin, ko Bafaranshe ba ya jin su a kasuwar garinsu. Aji a cike yake, mushe yana rubutu a tablo, yara suna kwafewa a kaye, kuma ba kowace makaranta ke da ɗakin gwaje-gwaje ko madubin ganin ƙananan halittu ba. Abin da ya rage wa yaro shi ne hadda. Hadda ba abin raini ba ce a ƙasar da ta san darajar allo, amma ranar bak takarda ake miƙa wa yaro mai ɗauke da zane da sakamakon wani gwaji, a ce ya bayyana abin da ya gani da dalilinsa. Daga 2021 zuwa 2023, a duk faɗin Nijar, waɗanda suka ci bak ba su kai ɗaya bisa uku na waɗanda suka zauna ta ba.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa yaran su kan haɗa kansu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, abin da suke kira gurup. Su shafa baƙin fenti a bangon zaure ko a jikin katako, su tara kuɗin alli, bayan sallar isha'i su zauna ƙarƙashin fitilar titi ko ƴar fitila mai aiki da hasken rana. Ɗaya ya tashi ya karanto darasi da Faransanci. Ba a jimawa sai wani ya tare shi ya ce: "Yaya, faɗa mana da Hausa." A nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai, domin mai hadda, da zarar an raba shi da jimlar littafi, sai bakinsa ya mutu.

Kalma ɗaya, abu huɗu

Sai dai ita ma Hausar tana da nata tarko. A ɗauki kalmar jijiya. Bahaushe ya kan kira hanyar da ke fitar da jini daga zuciya jijiya, ya kira wadda ke komo da shi jijiya, ya kira farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi jijiya, har abin da ke ɗaure tsoka ga ƙashi ma jijiya ne, ko da yake wannan yana da nasa suna, agara. Littafin makaranta kuwa kowanne da sunansa dabam, kuma yaron da ya gauraya su ya faɗi. Dole ƴan gurup su ƙara wa kalmar wutsiya: jijiya mai fita, jijiya mai komowa, jijiyar saƙo.

Wannan ƙarin yana da amfanin da ya wuce sauƙin magana. Yara da yawa sun haddace cewa jijiyar farko jan jini take ɗauka, ta biyu kuma baƙi. Haka ne a mafi yawan jiki, amma tsakanin zuciya da huhu abin ya juye: mai fita zuwa huhu ita ke ɗauke da jinin da ya rasa iska mai kyau, mai komowa daga huhu ita ke kawo jan jini. Wanda ya riƙe suna ta hanyar launi zai ruɗe a nan. Wanda ya riƙe shi ta hanyar fita da komowa ba abin da zai same shi. Idan kuwa aka sami zuciyar rago a wurin mahauci, ko ranar layya, aka tsaga ta da reza, kowa zai ga ɗakuna huɗu da idonsa, ya taɓa bangon ɗakin hagu na ƙasa ya ji ya fi na dama kauri, don shi ke tura jini har zuwa ƙafa. Gani ya kori ji.

Jini da gado

Inda gardama ta fi zafi shi ne darasin gado, wanda ake yi a ajin ƙarshe. Kowa ya tashi yana jin ana cewa wane jinin wane ne, ko kuwa abu kaza a jininsu yake. Magana ce mai daɗi, kuma ta kama wani abu na gaskiya, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ba ta cikin jini kamanni ke bi daga iyaye zuwa ɗa ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da ko cibiyar da ake ajiye gadon a ciki. Wanda aka ƙara wa jini a asibiti ba ya haifar ɗa mai kama da wanda ya ba shi jinin. Ko a cikin ciki, jinin uwa da na ɗa ba su gauraya, mabiyiya ce ke tsakaninsu tana miƙa abinci da iska. Gadon yana cikin wasu ƴan zarurruka da ake kira kuromozom, guda 46 a cibiyar ƙwayar halittar mutum, 23 daga ƙwan uwa, 23 daga maniyyin uba.

Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan rabo wani malamin coci ne mai suna Giregwar Mandel, a garin Burno na ƙasar Cek ta yau. Ya yi shekaru yana auratayya tsakanin irin wani wake na ƙasarsu, yana ƙirga abin da ya fito, ya buga sakamakon a 1866. Ɗan manomin Adar ba baƙo ba ne ga wannan zance. Ya san wake ya kan riƙe irinsa shekara da shekaru, ya kuma san hatsi, idan gonaki biyu masu iri dabam suna maƙwabtaka, irin ya kan gauraye. Abin da bai sani ba shi ne dalili, har sai ɗan'uwansa ya nuna masa cewa furen wake kansa yake yi wa barbara tun bai buɗe ba, shi kuwa hatsi iska ce ke kwasar bununinsa daga wannan zangarniya zuwa waccan.

Daga gona sai zancen ya shigo gida. Akwai ciwon nan na amosanin jini, wanda a asibiti ake kira emasi, mai sa yaro ciwon ƙashi da ƙarancin jini, musamman lokacin sanyi. A kan allon gurup, murabba'i ɗaya mai gida huɗu ya isa ya bayyana shi. Idan uba AS ne, uwa ma AS ce, su biyun lafiyarsu lau, amma a kowane ciki akwai rabo ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo SS, watau mai ciwon, biyu cikin huɗu ya zo AS kamar iyayensa, ɗaya cikin huɗu ya zo AA. A nan ma akwai rami, kuma manya ma suna faɗawa cikinsa: wai idan an haifi SS ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, gida ɗaya ana iya samun SS biyu ko uku a jere, wani gidan kuma ba ko ɗaya. Yaro mai kaifin hankali ya kan tambaya, me ya sa ciwo mai kisa haka bai ɓace daga ƙasarmu ba? Amsar ta fito a 1954, lokacin da wani mai bincike, Antoni Alison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi sauran jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, can wannan gado ya yi yawa.

Wannan murabba'i ba ya tsayawa a zaure. Yarinyar da ta fahimce shi ta san amfanin awon jini kafin aure, a ƙasar da auren zumunci ya zama ruwan dare. Haka kuma darasin namiji da mace. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y, shi ke nan a sami mace ko namiji da ikon Allah. Mata nawa aka goranta wa, wasu har aka yi musu kishiya, don wai ba su haihuwar maza? Yaron da ya iya faɗin wannan da Hausa ya riƙe maganar da zai iya kai wa gida. Wanda ya san ta da Faransanci kaɗai, a kaye za ta kwana.

Akwai kuma darussan da ɗan ƙauye yake zama malamin ɗan birni. Ɗan Kalfu ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau, ya san gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya yi sabo da rani, dabbobi su sha inuwarsa su bar taki. Ɗan birni shi ke riƙe da sunan littafi: ƙananan halittu da ke zaune a saiwar gawo da ta wake, suna kamo sinadarin azot daga iska suna ba shuka. Idan aka tuge wake aka ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, aka fasa ɗaya aka ga cikinsa ja-ja, to masu aikin suna nan da rai.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka gurup ba shi da aibi. Kuskure ma yana yaɗuwa a cikinsa, har ya fi gaskiya sauri idan mai faɗinsa yana da baki. Kalmar numfashi ta kan sa yara su zaci shan iska da fitar da ita shi ne duk zancen, alhali littafi yana nufin ƙonewar sukari a cikin kowace ƙwayar halitta. Daga nan wani ya ce itace da dare kawai yake numfashi, sauran su rubuta, alhali dare da rana yake yi. Gurup mai hankali ya kan ware duk abin da aka yi gardama a kansa, da safe a kai wa mushe ya raba. Wayar hannu ta kawo tsofaffin tambayoyin bak ta WhatsApp tare da amsoshinsu, amma ba a san wanda ya rubuta amsar ba, kuma kwafe ta ba fahimta ba ce.

Ƴan mata su ne suka fi cutuwa. Yarinyar da ke zaune gidan mutane, aikin gida yana jiran ta, kuma ba mai barin ta ta fita bayan isha'i. Zaman da ya fi amfani kuwa a lokacin ake yin shi. Wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa: darektan makaranta ya bar aji ɗaya a buɗe tsakanin la'asar da magariba, ƙungiyar iyayen yara ta sayi alli da fitila, masu masauki su ɗaga wa yarinya ƙafa awa biyu.

Abu na ƙarshe ya shafi ma'aikatar ilimi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma takardar SVT da Faransanci ake amsa ta, shi ya sa gurup mai tsari, bayan an fahimci abu da Hausa, ya kan sa kowa ya tashi ya rubuta shi a allo da Faransanci kafin a watse. Kalmomin da yaran ke ƙirƙira, irin su jijiya mai fita da jijiya mai komowa, a bayan kaye suke, kuma idan mai kayen ya gama lise sai su tafi tare da shi, na baya su sake farawa daga tushe. A cikin birnin Tawa akwai makarantar horon malamai ta Kawsan, akwai Jami'ar Jibo Hamani, akwai malaman yaƙi da jahilci da suka daɗe suna rubuta Hausa. Malaman SVT na jihar za su iya tattara waɗannan kalmomi daga hannun ɗalibansu, a zauna da masana harshe a tace su, a zubar da masu ɓatarwa, a buga sauran a ɗan littafi mai shafi kaɗan, Faransanci a hagu, Hausa a dama, a raba wa kowane aji kafin zafin watan Afrilu, lokacin da bitar bak ke kankama.