Thurstan Shaw da Tone-Tonen Igbo-Ukwu

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi bayani a taƙaice a kan aikin Shaihin Malami Thurstan Shaw (1914–2013), da yadda tone-tonen da ya yi a ƙasar Ibo suka canja ra'ayin masana game da Afirka ta Yamma a ƙarnonin da suka gabaci zuwan Turawa.

An haifi Shaw a Ingila, ya yi karatu a Jami'ar Kembirij. A 1937 ya tafi Kwalejin Acimota ta ƙasar Gana, inda ya haɗa koyarwa da tonon kufai har zuwa 1945. Amma aikin da ya fito da sunansa shi ne na Igbo-Ukwu, wani gari da ke cikin Jihar Anambara ta yanzu. A 1938 wani mutum, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, sai ya ci karo da wasu kayayyaki na tagulla. Sai bayan shekara ashirin Hukumar Kayan Tarihi ta Nijeriya ta gayyaci Shaw, ya yi tono a 1959 zuwa 1960, ya kuma koma a 1964.

Wurare uku ya tona. Na farko ma'ajiya ce ta kayan tsafi, a cikinsu har da wata tukunyar tagulla wadda aka yi wa ado kamar an ɗaure ta da igiya. Na biyu kabarin wani babban mutum ne, wanda aka binne a zaune bisa kujera, da kambi na jan ƙarfe da hauren giwa. Na uku rami ne da aka zuba kayayyaki a ciki. Duwatsun ado da aka samu sun haura 165,000. Tagullar kuwa zubin kakin zuma ce, watau a ƙera siffar abu da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, sa'an nan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa.

Muhimmin al'amari a nan shi ne shekarun kayan. Da aka auna itace da gawayin wurin da ma'aunin kabon, akasarin sakamakon ya nuna ƙarni na 9. Wannan ya ta da muhawara, domin a lokacin masana da dama sun ɗauka irin wannan ƙira ba ta samuwa sai inda ake da babbar daula, kamar Ife ko Binin, ko kuma bayan cuɗanya da Turawan Fotugal. Babatunde Lawal, alal misali, ya yi gardama a 1973 cewa kayan ba su kai wannan daɗewa ba. Shaw ya kare matsayinsa da hujjojin tono. Awon da aka yi daga baya ya ɗan faɗaɗa zamanin wurin, amma ya tabbatar da cewa ya girmi zuwan Turawa da ƙarnoni. Haka kuma gwajin ƙarfen ya nuna akasarinsa daga ma'adinan yankin ya fito, irin na Abakaliki, alhali wasu daga cikin duwatsun gilashin daga nesa suka zo. Ashe ke nan maƙeran gida ne suka yi aikin, kuma garin yana da hannu a fatauci mai dogon zango.

Tasirin Shaw bai tsaya ga wannan ba. Daga 1963 zuwa 1974 ya riƙe kujerar Shaihin Malami a Jami'ar Badun, inda ya kafa sashen wannan fanni, ya horar da 'yan ƙasa, ya kuma kafa mujallar masana fannin ta Afirka ta Yamma a 1971. Bayan haka ya yi aiki da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Rahoton Igbo-Ukwu da ya buga a 1970, juzu'i biyu, ya zayyana kowane abu da gurbin da aka same shi, shi ya sa masana suke iya sake nazarin kayan da sababbin na'urori.

Daga ƙarshe, darasin da ke cikin aikinsa ga masu nazarin tarihi shi ne, darajar tagulla tana tare da sanin inda ta kwanta da abin da ke kewaye da ita. Abin da ɓarayin kufai suka tono suka sayar, ko da ya kai gidan tarihi, ya riga ya rasa shaidar zamaninsa.