Goriba da Ƙwayar Zarra: Matsalar Kalmomi Wajen Bayanin Rikiɗa da Hausa

Duk wanda ya bi Gulbin Kaba, daga ƙasar Tasawa zuwa ta Mayahi, ya san goriba. Ta bambanta da giginya da dabino, domin gangarta takan rabu biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa biyu. Wannan siffa tana iya taimakon masu shirya littattafan yaƙi da jahilci wajen wani babi na kimiyya mai wuyar shiga Hausa, watau halin ƙwayar zarra. Sai dai kafin a kai ga goriba akwai kalmomi uku da ya kamata a tantance.

Ta farko ita ce "haske". A shekarar 1896 Henri Becquerel na Faransa yana binciken ma'adinan da ke shan hasken rana su mayar da shi cikin duhu. Sai ya tarar gishirin yuraniyom ya baƙanta farantin ɗaukar hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda, alhali bai ga rana ba. Abin da ya ratsa takardar ido ba ya ganinsa. Ko agogunan da, masu ƙyalli da dare, ba radiyom ɗin da ke cikin fentinsu ne ake gani ba. Wani sinadari ne da aka gauraya da shi yake ƙyalli in abin da radiyom ke fitarwa ya buge shi. Idan littafi ya ce yuraniyom yana fid da "haske", mai karatu zai ɗauka dutsen da ba ya ƙyalli ba shi da lahani. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a ƙasar da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, inda kuma mahaƙar COMINAK, da ta yi aiki daga 1978 zuwa 2021, ta bar tarin tarkace na miliyoyin ton. "Tururi", da gidajen rediyo suka saba da shi, ya fi dacewa, muddin aka ƙara da cewa wannan tururi ba a ganinsa, ba a jin ƙanshinsa.

Ta biyu ita ce "ruɓewa", wadda ke saurin zuwa bakin mai fassara. Abin da ya ruɓe, zafi da laima ne suka ci shi, kuma tsoho ya fi sabo saurin lalacewa. Ƙwayar zarra ba haka take ba. Rutherford da Soddy sun nuna a 1902 cewa in ta fid da tururinta takan zama wani sinadari dabam. Yuraniyom yakan bi matakai, ciki har da radiyom da iskar radon, har ya tsaya a dalma. Zafin bazara ba ya gaggauta shi, sanyin hunturu ba ya jinkirta shi. Saboda haka "rikiɗa" ta fi kusa da ma'ana, kamar yadda ake cewa mutum ya rikiɗa ya zama kura a tatsuniya.

Ta uku ita ce sunan lokacin da rabin ƙwayoyin ke ɗauka su rikiɗa. Masu cewa "rabin rai" suna sa a zaci in lokacin ya cika sau biyu kome ya ƙare. Alal misali, a ce tiya 40 ce ta gero: wa'adi na farko ya bar 20, na biyu 10, na uku 5. Ana iya kiransa "wa'adin raguwa da rabi". Na radon bai cika kwana 4 ba, na radiyom shekara 1,600 ne, na yawancin yuraniyom kuwa kimanin shekara miliyan 4,500.

Wannan lissafi na taro ne. In aka ware ƙwaya guda, babu mai iya faɗin lokacin da za ta rikiɗa. Tana iya yi yanzu, tana iya kai shekara dubu, kuma daɗewarta ba ta kusantar da ita ga rikiɗa. Haka nan ƙwayar da ta sha ƙarfi za ta sake shi a matsayin haske, amma Einstein ya lura a 1917 cewa lissafi bai ƙayyade lokacin ba. Yawancin masana sun tsaya a nan, suka ce lissafin yana ba da gwargwadon yiwuwa ne kawai. Hugh Everett na Amurka, a 1957, ya ɗauki wata hanya: a ra'ayinsa duka biyun suna aukuwa, ƙwayar ta rikiɗa a reshe guda, ba ta rikiɗa ba a ɗayan, mai kallo ma ya rabu tare da ita. Bryce DeWitt ne ya yaɗa ra'ayin daga 1970 da sunan duniyoyi masu yawa.

A nan goriba ke da amfani, domin babu reshen da za a ce shi ne na asali, ɗayan na aro. Amma misalin yana da iyaka. Mai tsayawa a gindin goriba yana ganin rassan duka, mai hawa kuma yana iya barin wannan ya kama wancan. A wurin Everett, wanda ke kan reshe ba shi da labarin ɗan'uwansa. Har ila yau, babu gwajin da ya fifita wannan ra'ayi a kan sauran, kuma dukansu lissafi ɗaya suke bayarwa game da tarkacen Arlit. Dole littafi ya kira shi ra'ayi. Kalmar "duniyoyi" ma tana bukatar hattara, domin a kunnen Bahaushe abokiyar duniya ita ce lahira, wani kuma zai tuna da iskoki; "rassa" ta fi tsira daga wannan ruɗani.

Akwai kuma batun nahawu. Bahaushe yana da ginin "da ... da", kamar "da ta rikiɗa, da na'ura ta yi ƙara", kuma shi ne hannu zai fara kaiwa gare shi. Amma wannan gini yana tabbatar da cewa abin bai auku ba, watau ya rushe ra'ayin tun daga jimla. Abin da Everett ke nufi sai da jimloli biyu masu daraja ɗaya: "a wannan reshe ta rikiɗa, a wancan kuwa ba ta rikiɗa ba".