Furotin CRP da antibodin da ke farautarsa a cikin jini

Ruwan jinin ɗan Adam, wato ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama idan aka tace jini a ɗakin gwaji, cike yake da furotin iri-iri. Ɗaya daga cikinsu shi ne CRP. Hanta ce ke ƙera shi. A jikin mai lafiya kaɗan ne ƙwarai, yawanci bai kai miligiram 5 a lita ɗaya ba. Amma da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki ko wani sashe ya kumbura, cikin awa 6 zuwa 8 sai ya fara hauhawa, ya kai ƙololuwa bayan kamar kwana biyu, wani lokaci ya ninka har sau dubu.

Labarin gano shi abin tsayawa ne a saurara. A shekarar 1930, a Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York na Amurka, likitoci biyu, William Tillett da Thomas Francis, suna bincike a kan ciwon nimoniya. A lokacin ba a fara jinya da fenisilin ba, nimoniya kuwa tana kashe mutane ba ƙaƙƙautawa. Sun rarraba jikin ƙwayar cutar kashi-kashi, suka sa wa kashi guda harafin C. Da suka gauraya wannan kashi da ruwan jinin majinyacin da zazzaɓi ke cinsa, sai ruwan ya gurɓace, wani abu ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba. Da majinyacin ya farfaɗo, aka sake gwadawa, sai ruwan ya tsaya garau. Wannan ya saɓa wa abin da aka sani, domin garkuwar jiki ƙaruwa take yi yayin da mutum ke samun sauƙi. Wannan abu kuwa da ciwo yake zuwa, da ciwo yake tafiya. Har a jinin masu wasu cututtuka da ba su da alaƙa da nimoniya an same shi.

A 1941 aka tabbatar a ɗakin binciken masanin kimiyya Oswald Avery cewa wannan abu, wato CRP, furotin ne, kuma yana buƙatar sinadarin kalsiyam kafin ya kama abin da yake kamawa. A nan ne kuma aka yi wa zomaye allurarsa. Jikin zomo ya ɗauke shi a matsayin baƙo, ya ƙera masa antibodi, wato makamin garkuwar jiki da ke gane abu guda ya manne masa. Yadda makiyayi ke gane saniyarsa a tsakiyar kasuwar shanu, haka antibodi ke tsamo CRP daga cikin dubban furotin. Zuwa 1950 an fara amfani da wannan ruwan jinin zomo wajen bibiyar masu zazzaɓin da ke kama gaɓoɓi da zuciya.

Antibodin da ake samu daga zomo ko akuya gauraye yake, kowane kashi yana kama wani gefe na furotin, kuma na wannan dabba ba ya zama daidai da na waccan. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Cambridge ta Ingila, suka haɗa ƙwayar halittar saifar ɓera da ƙwayar ciwon daji mai hayayyafa ba iyaka. Aka samu masana'antar da ke fitar da antibodi iri ɗaya tak. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1984.

A yau mai bincike yana shafe gindin ƙananan ramukan faranti, mai ramuka 96, da antibodi na farko. Ya zuba ruwan jini, CRP ya maƙale, ya wanke sauran. Sai ya ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da sinadarin da ke canja launi. Ƙarfin launin shi ke nuna yawan furotin. Wannan hanya ita ce ELISA, wadda ta fito daga birnin Stockholm a 1971.

Sai dai ba kowace kwalbar antibodi da aka saya ke cika alkawarin da ke rubuce a jikinta ba. Wata tana kama furotin da ba shi ake nema ba, sakamako ya fito da kyau alhali kuskure ne. Shi ya sa mai bincike na gari yake fara gwada ta a kan samfurin da ya san babu furotin ɗin da ake nema a ciki.

Gwajin kansa ma yana da iyaka. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP, tarin fuka yana ɗaga shi, haka tiyata da ƙuna. Gwajin yana shaida cewa akwai kumburi a jiki, amma gano inda yake da abin da ya jawo shi aikin likita ne.