Tsadar Matashi Mai Araha a Kasuwar NBA da Darasin Shekarun Masai Ujiri

A kasuwar musayar 'yan wasa ta gasar ƙwallon kwando ta NBA, wadda ƙungiyoyi 30 na Amurka da Kanada ke fafatawa a cikinta, an samu wani sauyi da ya ƙara fitowa fili tun daga shekarar 2023, wato shugabannin ƙungiyoyi sun karkata ga zawarcin matasa 'yan shekara 21 zuwa 24 waɗanda suka iya wasa gwargwadon hali amma albashinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwama shi da na manyan taurari. Abin da ƙungiya ke nema a wurin irin wannan matashi abu biyu ne a haɗe: amfaninsa a filin wasa, da kuma sararin da ƙaramin albashinsa ke bar mata a cikin kasafi domin ta ɗauko wani ko ta riƙe wanda take da shi.

Mai bin ƙwallon ƙafa, a Tamanrasset yake ko a Zariya, da wani tsari dabam ya saba, inda ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi a kuma sayar da shi da riba, kamar yadda Leicester ta ɗauko Riyad Mahrez na Aljeriya daga Le Havre a 2014 a kan abin da bai kai fam rabin miliyan ba, ta sayar wa Manchester City a 2018 a kan fam miliyan 60. A NBA babu wannan ciniki, domin kwantiragi ake musanyawa da kwantiragi, albashin da ƙungiya ta fitar dole ne ya yi kusa da wanda ta shigo da shi muddin ta cika kasafinta, kuɗin da aka yarda a ɗora a kan musaya kuwa 'yan miliyoyi ne kawai a shekara. Saboda haka darajar ɗan wasa a wannan kasuwa ita ce tazarar da ke tsakanin abin da yake yi da abin da ake biyan sa.

Tushen al'amarin shi ne rufin albashi, wato iyakar jimillar kuɗin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a kaka guda, wanda aka fara aiki da shi a kakar 1984-85 yana dala miliyan 3.6, ya kai kimanin miliyan 140.6 a kakar 2024-25, sannan miliyan 154.6 a kakar da ta biyo baya. Rufin ba mai tsauri ba ne, akwai ƙofofin da ake bi a haura shi, musamman wajen sabunta kwantiragin ɗan gida, sai dai wanda ya haura wani layi na sama yana biyan haraji a kan kowace dala, harajin kuma yana ƙaruwa ga wanda ya mai da abin al'ada. Tushe na biyu shi ne ma'aunin albashin sababbin shiga, wanda aka kafa a 1995, shekara guda bayan Glenn Robinson ya karɓi kwantiragin dala miliyan 68 na shekara goma tun bai buga ko wasa ɗaya ba. Daga nan aka ƙayyade abin da za a biya duk wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen matasa na shekara-shekara bisa lambar da aka zaɓe shi, kuma a tsarin yanzu kwantiragin na shekara huɗu ne, biyun farko tabbatattu, biyun ƙarshe ƙungiya ce ke da ikon ci gaba ko sokewa. Idan ya ƙare ma matashin bai kuɓuta ba, domin ƙungiyarsa tana da damar biyan daidai duk tayin da wata ta yi masa ta riƙe shi.

Waɗannan ƙa'idoji sun daɗe, amma yarjejeniyar da hukumar gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2023, ita ce ta ƙara musu kaifi. Kafin ta, attajirin mai ƙungiya yana iya runtse ido ya biya haraji ya wuce, kamar Golden State Warriors da suka riƙa biyan sama da dala miliyan 160 a haraji kaɗai a kaka guda. Sabuwar yarjejeniyar ta kafa shinge na biyu a saman layin harajin, wanda ya tsaya a kusan dala miliyan 189 a kakar 2024-25, kuma hukuncin tsallake shi bai tsaya ga aljihu ba: ƙungiyar da ta haura ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya da mutum ɗaya mai tsada, ba ta tura kuɗi a cikin musaya, ba ta da kason da ake ɗaukar matsakaicin ɗan wasa da shi, ana kuma ƙulle mata damar zaɓenta na zagayen farko na shekara bakwai nan gaba, har a mai da ita can ƙarshen layi idan ta zauna a saman shingen kaka uku cikin biyar. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Minnesota ta rabu da Karl-Anthony Towns a Oktoba 2024, Boston da ta ɗauki kofi a 2024 ta sallami Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara guda bayan haka, Phoenix kuwa, da ta tara Kevin Durant da Devin Booker da Bradley Beal, ta ci wasa 36 kacal cikin 82 a kakar 2024-25 hannunta a ɗaure, ba ta da hanyar gyara. Tunda tauraro ɗaya yana iya cinye kashi 35 cikin ɗari na rufin albashi, ƙungiyar da ke da irinsu biyu ba ta da yadda za ta cika sauran gurabenta sai da masu araha da suka iya wasa.

Babu wanda tarihin aikinsa ya fi nuna fuskoki biyu na wannan dabara kamar Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya inda ya koyi ƙwallon kwando, ya fara aiki a NBA a matsayin mai farautar haziƙan matasa, har ya zama shugaban harkokin wasa na Denver Nuggets a 2010. Da Carmelo Anthony ya nemi barin ƙungiyar, Ujiri ya miƙa shi ga New York Knicks a Fabrairu 2011 ya karɓi gungun matasa, cikinsu har da Danilo Gallinari da Wilson Chandler da Timofey Mozgov, haɗe da damar zaɓe a shekaru masu zuwa. Denver ta ci wasa 57 a kakar 2012-13 ba tare da babban tauraro ba, aka ba Ujiri kyautar gwarzon shugaban ƙungiya na shekara, ko da yake ƙungiyar ta faɗi tun a zagayen farko na wasannin fitar da gwani, abin da ke tuna wa mai nazari cewa tarin matasa nagari yana cin wasannin kaka amma ba kasafai yake ɗaukar kofi shi kaɗai ba.

A Toronto Raptors, inda ya koma a 2013, lissafin ya cika. Ya zaɓi Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27 a 2016, ya ɗauki Fred VanVleet wanda babu ƙungiyar da ta zaɓa a shekarar, ya ƙara da OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, a lamba ta 23 a 2017. A kakar 2018-19 albashin Siakam bai kai dala miliyan 2 ba alhali Kyle Lowry yana karɓar sama da miliyan 30, amma Siakam ne ya zura maki 32 a wasan farko na karawar ƙarshe da Golden State. Arahar waɗannan matasa ce ta sa ƙungiyar ta iya ɗaukar nauyin Kawhi Leonard da Marc Gasol da Serge Ibaka a lokaci guda, ta lashe kofin 2019. Abin lura a nan shi ne lokaci: shekarun arahar Siakam sun faɗo daidai da shekarar da ƙungiyar ta shirya cin kofi, kuma 'yan watanni bayan bikin ya sa hannu a kan kwantiragin dala miliyan 130.

Zango na biyu bai yi armashi haka ba. A Agusta 2021 Toronto ta karɓi Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, daga Miami a cinikin da Lowry ya tafi, kuma a takarda babu abin da ya fi wannan dacewa, domin matashi ne mai tsayi da kuzari wanda saura shekara uku a ƙaramin kwantiraginsa. Sai dai bai bunƙasa yadda aka zata ba, kuma a 2024 abin da ya samu a New York, inda ya koma, kwantiragin shekara ɗaya ne na dala miliyan 6. VanVleet ya tafi Houston a 2023 ba tare da Toronto ta samu komai ba. Da aka zo rabuwa da Anunoby a ƙarshen Disamba 2023, Ujiri ya gwammace 'yan wasan da aka riga aka gani a fili, RJ Barrett da Immanuel Quickley, a kan tarin damar zaɓe, sannan ya miƙa Siakam ga Indiana a Janairu 2024, ya ɗauko Ochai Agbaji daga Utah a Fabrairu. Matsalar ita ce Barrett ya riga ya shiga kwantiragin da ya haura dala miliyan 100, Quickley kuma yana shekarar ƙarshe ta arahar tasa, wata shida bayan zuwansa aka ba shi kwantiragin shekara biyar da aka ruwaito ya kai miliyan 175, raunuka suka hana shi buga ko rabin wasannin kakar da ta biyo. Ƙungiyar ta ci wasa 25 a kakar 2023-24, ta ci 30 a ta gaba, kasafinta ya cika tun ba ta kai ko'ina ba, kuma a Yuni 2025 ta raba gari da Ujiri. Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan ciniki guda, amma ya nuna cewa ƙuruciya da araha ba abu ɗaya ba ne: mai sayen rago domin kiwo ana saura mako guda Sallah ya biya kuɗin ƙibar da ba shi ya yi ta ba.

Indiana Pacers kuwa ta bi hanyar ɗaukar matasa masu araha da wuri. Ta ɗauko Tyrese Haliburton daga Sacramento a Fabrairu 2022 yana ɗan shekara 21, a kakarsa ta biyu, ta karɓi Aaron Nesmith daga Boston inda ba ya samun damar wasa sosai, ta ɗaure shi da kwantiragin shekara uku na dala miliyan 33 tun kafin farashinsa ya tashi, ta kuma samu Obi Toppin daga New York a kan damar zaɓe biyu na zagaye na biyu kacal. Oklahoma City Thunder ta fi kowa zurfafawa, domin a cinikin Paul George na 2019 shugabanta Sam Presti ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander, wanda kaka ɗaya kawai ya buga, tare da damar zaɓe biyar na zagayen farko, ɗaya daga cikinsu ta haifar da Jalen Williams a 2022. Waɗannan ƙungiyoyi biyu ne suka haɗu a karawar ƙarshe ta 2025, babu wadda ta biya haraji a cikinsu, Oklahoma ta yi nasara a wasa na bakwai alhali Williams da Chet Holmgren suna kan albashin sababbin shiga.

Da kowa ya gane dabarar, sai tsadar ta tashi daga albashi ta koma kan abin da ake bayarwa a musaya. Portland ta ba Washington damar zaɓe biyu na zagayen farko da ƙari a 2024 domin Deni Avdija, babban abin sha'awa kuwa kwantiraginsa ne na dala miliyan 55 a shekara huɗu, wanda ke raguwa kowace shekara yayin da rufin albashi ke hawa. A shekarar ce New York ta zuba damar zaɓe biyar na zagayen farko a kan Mikal Bridges, wanda bai taɓa shiga wasan taurari ba amma albashinsa a lokacin yana ƙasa da aikinsa. Wanda ake samu da arha ta gaske a yanzu galibi wanda ƙungiyarsa ta fid da rai da shi ne, kuma ƙungiyar da ta yi shekara biyu ko uku tana ganin sa kullum a atisaye ta fi mai saye sanin abin da ke ciki. Detroit ta gwada sa'a da James Wiseman, lamba ta 2 a zaɓen 2020, a Fabrairu 2023, ta sake shi a 2024 ba tare da ta ga abin da ta sa rai ba.

Akwai kuma waɗanda nauyin tsarin ya faɗa a kansu, ko da yake ba a cika lissafa su ba. Rabon kuɗin shiga tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa yana nan kusan rabi da rabi, kuma sabuwar yarjejeniyar talbijin ta kusan dala biliyan 76 a shekara 11 ta ƙara girman abin rabawa, amma a cikin kason 'yan wasan taurari ne ke kwashe kaso mai tsoka, sababbin shiga suna cike gurabe, ɗan wasa matsakaici mai shekara 28 ko 30 ya rasa mai taya shi. Matashin kansa ba shi da ta cewa idan aka musanya shi, kuma ranar da arahar tasa ta ƙare yakan tarar kasuwa ta bushe. A bazarar 2025, da Brooklyn ce kaɗai ke da sarari mai yawa a kasafinta, Jonathan Kuminga ɗan Kwango ya yi ta ja-in-ja da Golden State har ƙarshen Satumba kafin ya karɓi kwantiragin shekara biyu, ta biyun ma a hannun ƙungiya take, yayin da Quentin Grimes da Cam Thomas suka haƙura da tayin shekara ɗaya.

Su ma waɗanda suka yi nasara agogo bai tsaya musu ba. Indiana ta rasa Myles Turner ga Milwaukee 'yan kwanaki bayan wasan ƙarshe, Oklahoma kuma ta sabunta kwantiragin Gilgeous-Alexander da Holmgren da Williams a Yuli 2025 a kan ɗaruruwan miliyoyi kowannensu, na biyun ƙarshe suna fara aiki a kakar 2026-27, lokacin da mutum uku za su cinye mafi yawan rufin albashin. Presti ya tara damar zaɓe masu yawa domin ya riƙa maye gurbin duk wanda ya yi tsada da sabon mai araha, kuma ya san wannan mararraba, domin shi ne a Oktoba 2012, wata huɗu bayan ƙungiyarsa ta buga karawar ƙarshe, ya miƙa James Harden ɗan shekara 23 ga Houston da suka kasa daidaitawa a kan sabon kwantiragi, Harden kuma ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2018.