Yadda Ƙin Zuwa Muhawara Ya Kusa Kayar da Reagan

A farkon shekarar 1980 ba a ganin wanda zai iya tare wa Ronald Reagan hanya a jam'iyyar Republican ta Amurka. Ya yi gwamnan Kalifoniya shekara takwas, daga 1967 zuwa 1975. A 1976 saura ƙiris ya ƙwace tikitin jam'iyya daga hannun shugaba mai ci, Gerald Ford. Duk ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da aka yi, shi ne a gaba da tazara mai yawa. Abu ɗaya ne ake ta raɗe-raɗi a kansa, wato shekaru. Ranar 6 ga Fabrairu zai cika 69, kuma har zuwa lokacin Amurka ba ta taɓa rantsar da sabon shugaba mai irin waɗannan shekaru ba.

Shugaban kamfen ɗinsa, wani lauya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ake kira John Sears, yana da nasa lissafin. A ganinsa wanda yake gaba ba shi da ribar da zai ci a muhawara. In ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ke bayansa ya ɗaga musu daraja ke nan, in kuma ya yi tuntuɓen harshe sau ɗaya, za a ce tsufa ne. Saboda haka aka tsara Reagan ya riƙa sauka a jirgi, ya yi jawabi, ya tashi. Da jaridar Des Moines Register ta shirya wa 'yan takarar jam'iyyar muhawara a jihar Iowa ranar 5 ga Janairu, sai Reagan ya ce ba zai je ba, wai irin wannan zama kan raba kan 'yan jam'iyya.

Iowa ce ke buɗe zaɓen fid da gwani a Amurka, kuma nata salon daban ne. Da daddare, a tsakiyar hunturu, 'yan jam'iyya kan bar gidajensu su taru unguwa-unguwa a makarantu da majami'u da gidajen maƙwabta, su tattauna, sannan su zaɓa. Mutumin da zai keta ƙanƙara saboda ɗan takara yana so ya ga ɗan takarar ma ya wahala saboda shi. Ga kuma wani abin da ya ƙara wa lamarin ciwo: mutanen Iowa na kallon Reagan a matsayin ɗan gida. A jihar ya fara aikin rediyo a shekarun 1930, yana kawo musu labarin wasanni daga gidan rediyon WHO da ke Des Moines, kuma dattawa da yawa ba su manta da muryarsa ba. Ɗan gidan ne ya ce ba shi da lokacin zama a gabansu.

A daren muhawarar mutum shida suka hallara: George Bush, Howard Baker, Bob Dole, John Connally, John Anderson da Phil Crane. Aka nuna a talabijin, aka yi ta gugar zana a kan wanda bai zo ba, ba shi kuma wurin balle ya kare kansa. Cikin 'yan kwanaki goyon bayansa a jihar ya zube ƙwarai. Abin da Sears ya so ya ɓoye shi ne rashin zuwan ya tona, domin jama'a sai suka fara cewa ai da ma ba zai iya ba ne, shi ya sa ake killace shi.

Wanda ya ci moriyar wannan kuwa shi ne Bush. Ya taɓa zama ɗan majalisa daga Texas, jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilin Amurka a Sin, da shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, amma talakawa ba su san shi sosai ba. Ya shafe watanni yana bin garuruwan Iowa ɗaya bayan ɗaya, yana musafaha, yana sassarfa da safe a gaban 'yan jarida don a ga cewa shi ɗan shekara 55 ne mai sauran ƙarfi. Ranar 21 ga Janairu aka ƙidaya, Bush ya samu kusan kashi 32 cikin ɗari, Reagan kusan kashi 30. Bambancin bai wuce ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai ba, amma ya isa ya juya labarin gaba ɗaya. Washegari jaridu suka fara rubutu kamar ta Reagan ta ƙare.

A daidai wannan lokacin, a ɗaya jam'iyyar, Shugaba Jimmy Carter shi ma ya janye daga muhawarar da aka shirya masa da abokin takararsa Ted Kennedy a Iowa, kuma ya ci jihar da kusan ninki biyu. Dalilinsa kowa na ganinsa a talabijin kowane dare: tun 4 ga Nuwamba 1979 ake garkuwa da Amurkawa a ofishin jakadancinsu da ke Tehran. Shi an karɓi uzurinsa. Reagan kuwa ba shi da wani uzuri da ya wuce cewa yana gaba.

Faɗuwar ta farkar da shi. Ya tare a New Hampshire, jiha ta gaba mai muhimmanci, ya shiga bas yana zagaya ƙauyuka cikin sanyi tun safe har dare, yana amsa tambayar duk wanda ya tare shi. Ranar 20 ga Fabrairu ya hau dandamali da sauran 'yan takarar duka a garin Manchester. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai ga abin da ya faru a Nashua. Jaridar garin, Nashua Telegraph, ta shirya muhawara tsakanin Reagan da Bush su biyu kawai. Waɗanda aka ware suka kai ƙara, hukumar zaɓe ta tarayya ta yanke cewa in jarida ta ɗauki nauyin irin wannan zama, tamkar ta ba mutum biyun gudummawar da doka ta hana ne. Aka nemi su raba kuɗin, ɓangaren Bush ya ƙi, ɓangaren Reagan ya biya duka, dala 3,500. Tunda su suka biya, sai Sears ya aika wa sauran 'yan takarar goron gayyata a ranar taron.

Daren Asabar 23 ga Fabrairu zauren wasanni na makarantar sakandaren Nashua ya cika maƙil. Bush ya shigo ya zauna, ya kafe a kan cewa yarjejeniyar mutum biyu aka yi. Can sai ga Reagan ya shigo, Dole da Baker da Anderson da Crane na biye da shi, suka jeru a tsaye a bayan teburin saboda ba a ajiye musu kujeru ba. Zauren ya rikice da ihu, wasu na cewa a ba su wurin zama. Reagan ya fara bayani, sai editan jaridar mai jagorantar zaman, Jon Breen, ya ba da umarni a kashe masa makirufo. Fuskar Reagan ta yi ja. Ya matsa kusa ya ce da kakkausar murya, "Ni nake biyan kuɗin makirufon nan, Mista Green!"

Ko sunan mutumin bai faɗa daidai ba, amma babu wanda ya damu. Zauren ya kaure da tafi, har abokan hamayyarsa huɗu da ke tsaye suka taya. Bush yana zaune yana kallon gabansa, bai ce uffan ba, bai ko waiwayi 'yan jam'iyyarsa ba. A ƙarshe mutum huɗun suka fita, suka tara 'yan jarida a wani ɗaki suna yi wa Bush tofin Allah tsine. An dai yi muhawarar tsakanin su biyun, amma ba a tuna abin da aka faɗa a cikinta. Gidajen talabijin suka yi ta maimaita waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Cikin mako bakwai al'amari ya juye: Reagan ne yanzu mai cewa a bar kowa ya yi magana, Bush ne mai gudun haɗuwa.

Ranar 26 ga Fabrairu Reagan ya samu rabin ƙuri'un New Hampshire, Bush kashi 23. Tun da rana, kafin a rufe rumfunan zaɓe, Reagan ya kira Sears ya sallame shi tare da mataimakansa biyu, ya ɗora William Casey a kan kamfen. Dabarar Nashua ba ta goge wa Sears laifin Iowa da sauran saɓanin da ya taru ba. Bush ya janye a watan Mayu, a Yuli Reagan ya ɗauke shi mataimaki, a Nuwamba suka kayar da Carter a jihohi 44 cikin 50.

Shekara 36 bayan haka tarihi ya kusa maimaita kansa a gari ɗaya. Ranar 28 ga Janairu 2016 Donald Trump ya ƙaurace wa muhawarar Fox News a Des Moines saboda rigimarsa da tashar, kwana huɗu bayan nan abokin takararsa Ted Cruz ya doke shi a Iowa, muhawara ta gaba kuwa da Trump aka yi. A 2023 ya ƙi halartar ko muhawara ɗaya, ya kuma ci Iowa da kashi 51 a Janairun 2024, domin a lokacin ya riga ya yi mulki shekara huɗu, babu ɗan jam'iyyar da ke jiran muhawara kafin ya san shi.

Ke nan haɗarin yana ga ɗan takarar da jama'a ke da tambaya a kansa da ba a amsa ba. Irin wannan in ya ƙi zuwa, abokan hamayya ne za su amsa a madadinsa, kuma amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Mai ƙuri'a yana da haƙƙin ya ga wanda ke neman amanarsa a tsaye, ana tambayarsa yana ba da amsa. Reagan ya gane haka ne bayan ya rasa jiha ɗaya, a lokacin da yake da sauran mako biyar na gyara. Ba kowane ɗan takara ke samun wannan damar ba.